Littafin ɓeraye da kyanwoyi: amsa ga ɗalibin da karatu ya hana barci

Wani ɗalibi daga cikin birnin Zariya ya aiko da wannan wasiƙa, na kuma taƙaita ta ba tare da na taɓa ma'anarta ba:

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ɗan aji uku, ina nazarin adabi a ɗaya daga cikin manyan makarantun garin nan. A wannan zangon malaminmu ya sa mana wani littafi mai suna Maus, wanda labarinsa duk cikin zane yake, kuma ya ba mu jinga a kansa. Baba ne ya ba ni kuɗin da aka buga mini kwafi. Da na kawo gida ya buɗe ya ga ɓeraye sanye da riguna, sai ya ajiye ya ce ashe kuɗinsa katun ake saye da su. Abokaina biyu kuma sun ce me ya kai ni tausayin Yahudawa alhali ina ganin abin da ake yi a Gaza. Ni kuwa littafin ya kama ni fiye da duk abin da na karanta tun da na shiga makaranta, har na yi kwana biyu barci bai ɗauke ni ba, amma ina jin kunyar faɗin haka. Shin na yi laifi ne? Yaya zan yi da Baba? Kuma yaya ake nazarin zane, tunda ba a taɓa koya mana ba?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya kuma ƙara wa mahaifinka lafiya da buɗi.

Zan fara da abin da ya fi damunka, ko da yake a tsakiyar wasiƙar ka ɓoye shi. Ba ka yi laifi ba, kuma babu abin kunya a ce littafi ya hana ɗalibin adabi barci. Shekara uku kana karanta littattafai domin jarrabawa, kana haddace abin da malami ya ce game da jigo da salo, kana zubawa a takarda kana mantawa, yau ga shi ka haɗu da wanda ya bi ka har shimfiɗa. Abin da aka tura ka makaranta ka samo ke nan, sai dai ya zo maka cikin tufar da ba ka zata ba, wadda mahaifinka ma bai zata ba.

Ya kamata ka san nauyin abin da ke hannunka, domin ba za ka iya kare shi a gaban kowa ba idan kai kanka kana ganinsa da rabin ido. Wanda ya rubuta shi ya kuma zana shi, Art Spiegelman, an haife shi a 1948, bayan yaƙin duniya na biyu, iyayensa kuma Yahudawan Polan ne da suka fito da rai daga sansanin Auschwitz, inda gwamnatin Hitila ta kashe mutum fiye da miliyan ɗaya, mafi yawansu Yahudawa. Ya riƙa zuwa gidan mahaifinsa Vladek a birnin Niyok yana yi masa tambayoyi yana ɗaukar muryarsa a rikoda, sannan ya shafe kimanin shekara 13 yana mayar da wannan hira zane. Kashi na farko ya fito a 1986, na biyu a 1991, a 1992 kuma aka ba shi lambar yabo ta musamman ta Pulitzer, wadda tana cikin manyan lambobin rubutu a Amurka. Lokacin da jaridar New York Times ta sanya kashi na biyu cikin jerin ƙagaggun labarai, marubucin ya aika musu wasiƙa yana neman a mayar da shi jerin labaran gaskiya, suka kuwa mayar. Saboda haka abin da kake karantawa shaida ce ta wani tsoho a kan abin da idonsa ya gani, ɗansa ya adana ta da alƙalamin zane.

Game da mahaifinka, ina roƙonka kada ka ɗauki maganarsa a matsayin rashin sani. Mutum ne da ya ciro kuɗi daga abin da ba ya isarsa a wannan zamani mai tsada, kuma duk katun da ya taɓa gani a rayuwarsa ko dai na ban dariya ne a shafin jarida, ko na yara a talabijin. Da ya buɗe ya ga ɓera da tabarau, hukuncin da ya yanke shi ne wanda kusan kowane uba zai yanke. Amma akwai ƙofar da za ka shigo masa ta ita, kuma tana cikin abin da ya riga ya sani. Bahaushe bai taɓa ɗaukar sanya magana a bakin dabba a matsayin wasan yara kaɗai ba. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da kura da zaki da dila, waɗanda kakanninmu suka yi mana a tsakar gida, da su aka koya mana sanin mayaudari da azzalumi da makwaɗaici tun kafin mu haɗu da su a kasuwa. Alhaji Abubakar Imam, wanda ya yi aikinsa a nan Zariya ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, aku ya ɗora a kan kujerar mai ba da labari a fadar sarki a Magana Jari Ce, babu kuma wanda ya ce littafin ya faɗi daraja saboda tsuntsu ne ke magana. Idan mahaifinka ya yi karatun zaure, zai san Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci tun ƙarni na takwas, inda dila biyu da zaki da sa suke ɗauke da darasin mulki da makirci a fada. Shi kuwa zane a matsayin ilimi, garin nan yana da babban tarihi a kansa, domin a nan ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, wadda har yau ba a ba da tarihin zanen Nijeriya ba tare da an ambace ta ba.

Sai dai ɓerayen wannan littafi ba irin na tatsuniya ba ne, kuma a nan ne nake so ka tsaya sosai, domin nan ne zuciyar jingarka. A tatsuniya kura kura ce, halinta ne cin zali. Shi Spiegelman bai zana Yahudawa ɓeraye, Jamusawa kyanwoyi, mutanen Polan aladu, Amurkawa karnuka domin yana ganin haka Allah ya halicce su ba. Ya ɗauko hoton ne daga bakin maƙiyi. Farfagandar 'yan Nazi, wato jam'iyyar Hitila, a jaridu da fostoci da fim, ta daɗe tana kwatanta Yahudawa da ɓeraye masu yaɗa cuta, domin mutumin da ba zai iya ɗaga hannu a kan maƙwabcinsa ba zai iya ɗaga shi a kan ɓera. Haka aka yi a Ruwanda a 1994, inda gidan rediyo ya riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai kafin adduna su yi aikinsu. Marubucin ya karɓi wannan zagi ya zana shi baro-baro, sannan ya bar shi ya riƙa yagewa a gaban mai karatu. Ka duba wuraren da Vladek da matarsa Anja suke so su ɓace cikin jama'a a kan titi: fuskar alade suke ɗaurawa da zare a bayan kai, kana ganin ɗaurin. Ka duba kashi na biyu, inda marubucin ya zana kansa a matsayin mutum sanye da fuskar ɓera ta ƙarya, yana zaune a teburin zanensa, teburin kuwa yana bisa tarin gawarwaki, ƙudaje na yawo. Idan zare guda ya isa ya mayar da ɓera alade, to rabon mutane jinsi-jinsi da aka kashe miliyoyi a kansa bai fi ƙarfin wannan zaren ba. Babu inda littafin ya rubuta wannan da kalmomi. Idonka ne ya gani, hankalinka ya ƙarasa.

Wannan ƙarasawar ita ce dalilin rashin barcinka. Labarin zane an yanka shi gida-gida kamar gidajen dara, tsakanin kowane gida da na kusa da shi akwai wata 'yar farar rata wadda ba a zana komai a cikinta ba. A gida na farko soja ya ɗaga hannu, a na biyu mutum yana kwance. Faɗuwar ba a takarda ta faru ba, a cikin kanka ta faru, kai ne ka cike ratar. Fim yana tafiya da kai ko kana so ko ba ka so, rubutu zalla yana barinka ka ƙera hoton da za ka iya ɗauka, shi kuwa wannan yana ba ka rabin hoton ya ce ka kawo sauran, kuma yana jiranka, domin shafi ba ya juyawa sai ka juya shi. Abin da mutum ya sa hannunsa a ciki ba ya saurin barinsa. Ga kuma wani abu da zane kaɗai ke iya yi: akwai shafin da Vladek da Anja suka fito ba su san inda za su nufa ba, hanyar da ke gabansu ta rabu huɗu, idan ka ɗan janye idonka daga takardar sai ka ga rassan hanyar sun haɗu sun zama tambarin 'yan Nazi. Duk inda suka bi, cikin tambarin suke. Marubuci mai amfani da kalmomi zai buƙaci shafi guda ya faɗi haka, kuma ba zai buge ka kamar yadda wannan ya buge ka ba.

Akwai kuma abin da ba ka ambata ba a wasiƙarka, amma ina zaton shi ne ya fi taɓa ka, domin kai ma ɗa ne mai uba. Rabin littafin ba a sansani yake ba, a ɗakin wani tsoho yake a Niyok, yana tuka keken motsa jiki yana ba da labari, lambar da aka tsaga masa a hannu, 175113, tana bayyane, yana ƙirga ƙwayoyin maganinsa ɗaya bayan ɗaya, suna zubewa yana ɗora laifin a kan wani. Vladek bai fito waliyyi ba. Mutum ne mai tsananin maƙo wanda ke tsintar guntun waya a titi, yake mayar da kwalin abincin da aka riga aka buɗe kanti, yake gajiyar da matarsa ta biyu da ɗansa. Bayan Anja ta kashe kanta a 1968, ya ƙone littattafan da ta rubuta tarihin abin da ya same ta, ranar da ɗan ya gano haka kuwa ya kira mahaifinsa mai kisan kai, kuma bai ɓoye wannan kalma mai nauyi ba, da ita ya rufe kashi na farko. Har akwai wurin da aka rage wa wani baƙar fata hanya a mota, wannan tsohon da aka yi wa wariya mafi muni ya tashi da faɗa yana cewa ɓarawo aka ɗauko. Ina ganin wannan gaskiyar ita ce ta sa na amince da sauran littafin. Wahala ba ta wanke mutum ta mayar da shi mala'ika, kuma ɗan da ya iya faɗin aibin mahaifinsa yana ƙaunarsa ba zai yi mini ƙarya a kan sansani ba.

Bari in gaya maka dalilin da ya sa nake magana da zafi haka. Ina da baffa, Allah ya jiƙansa, wanda yana cikin Hausawan da Turawa suka kwasa zuwa ƙasar Bama ta nahiyar Asiya a yaƙin Hitila, cikin rundunonin Afirka ta Yamma biyu, ta 81 da ta 82, da suka yaƙi Japanawa a dazukan can. Na taso na same shi tsoho mai zafin rai. Yana da wani gwangwani a ƙarƙashin gadonsa cike da guntayen zare da ƙusoshi da maɓallai, babu yaron da ya isa ya taɓa, kuma idan ya ga an bar loma guda a kwano sai gidan ya ɗauki zafi. In hadari ya taso aka fara tsawa, yakan shiga ɗaki ya rufo ƙofa ya ƙi fitowa har sai sama ta yi shiru. Mu yara muna kewaye shi ne kawai, manya suna cewa halin mazan jiya ne. Na yi shekaru ina kai masa tuwo, ina iya karatu da rubutu, ban taɓa zama na ce Baffa me ka gani a can ba. Ya rasu da labarinsa. Ranar da na ga Vladek yana tsintar waya a titi, gwangwanin nan na gani, na rufe littafin na daɗe ban iya ci gaba ba. Laifina ne, kuma babu yadda zan gyara shi yanzu.

Sai maganar abokanka. Ba zan ce zafin da suke ji a kan Gaza ba shi da tushe ba, ni ma ina jinsa, kuma na san kai ma kana jinsa. Amma sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Yaron da aka sa wa guba a Polan a 1943 don kada sojoji su tafi da shi, wato Richieu, wan marubucin wanda hotonsa na gaske ke farkon kashi na biyu, bai jefa wa kowa bom ba, ya mutu shekaru kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948. Tausayinsa ba ya rage komai daga tausayin yaron da ke ƙarƙashin ɓaraguzai a Rafah, domin zuciya ba tukunya ba ce da za a ce in an ɗebar wa wannan an rage wa wancan. Allah ya faɗa a Suratul Ma'ida cewa kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yin adalci. Wanda ya koyi yadda ake fara kiran mutane da sunan dabba, a hana su sana'a, a tattara su a unguwa guda a kewaye da waya, shi ne zai fi saurin gane alamun a duk inda suka sake ɓullowa, ko a Falasɗinu ne ko a cikin rikice-rikicen da mu ma muka gani a arewacin ƙasar nan. Ka kuma sanar da abokan naka cewa wannan hanyar ba da labari ta yi wa Falasɗinawa aiki. Wani ɗan jarida mai zane, Joe Sacco, ya yi wata biyu a Gaza da Yammacin Kogin Jodan a ƙarshen 1991 da farkon 1992, yana shan shayi a gidajen mutane yana jin bakinsu, ya fitar da littafin zane mai suna Palestine, daga baya a 2009 ya sake fitar da wani a kan kisan da aka yi a Khan Yunis da Rafah a 1956. A farkon 2025 kuma shi da Spiegelman suka haɗu suka yi wani gajeren zane a kan Gaza. Idan ka gama jingarka ka nemi aikin Sacco, ka karanta, ka ba su aro. Kada ka tsaya musu da su a majalisa, musun majalisa ba ya sauya ra'ayin kowa.

Akwai abu biyu da ba zan ɓoye maka ba, kai ma kada ka ɓoye wa mahaifinka. Na farko, littafin yana da 'yan kalmomi marasa daɗin ji, da wuraren da aka zana mutane tsirara, a sansani da kuma inda aka nuna gawar mahaifiyar marubucin. Saboda irin waɗannan ne hukumar makarantun wata gunduma a jihar Tennessee ta Amurka ta cire shi daga manhajar yara 'yan shekara 13 zuwa 14 a Janairun 2022, abin da ya jawo cece-kuce mai yawa. Tsiraicin nan na wulaƙanci da mutuwa ne, babu sha'awa a cikinsa, amma duk da haka ba littafin da za ka yasar a kan tabarma ƙannenka su ɗauka ba ne. Na biyu, wataƙila mahaifinka ya kawo maganar hukuncin zanen abu mai rai. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan wannan, akwai masu tsanantawa akwai masu sassautawa, kuma sananne ne a mazhabar Malikiyya an bambanta tsakanin surar da aka sassaƙa mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda. Ni ba mai fatawa ba ne, Zariya kuwa ba ta rasa malamai ba, ka je wurin wanda mahaifinka ya yarda da shi, ka bayyana masa cewa karatu aka sa ka, ba ado za ka rataya ba.

Yanzu ga jingar. Kada ka dogara da taƙaitawar da za ka samu a intanet, domin duk abin da za ta ba ka shi ne wane ya yi me, alhali makin yana cikin yadda aka nuna shi. Ka karanta littafin sau uku. Karatun farko ka riga ka yi shi, shi ne wanda ya hana ka barci. A na biyu ka sa hannu ka rufe rubutun, ka bi zanen kaɗai, kana tambayar kanka: me ya sa wannan gidan ya fi sauran girma, me ya sa aka cika wancan da baƙi, ina aka cire layin da ke kewaye gida, wa ke kallon wa, wace fuska aka juya mana baya. Ka lura musamman da yadda jiya da yau suke zama a shafi ɗaya, tsoho yana kan kekensa a Niyok a gida na sama, yana saurayi a Polan a gida na ƙasa, wani lokacin ma jikinsa na yau yana ƙetare gidajen jiya, kamar yadda abin da ya wuce yake ƙin wucewa a rayuwarsa. A karatu na uku ka haɗa su, ka nemi wuraren da magana ta faɗi abu ɗaya zane ya nuna wani daban, domin a nan ne marubucin yake yi maka raɗa. Sannan ka zaɓi shafi biyu ko uku kacal, kada ka ce za ka rungumi littafin duka, ka kwatanta abin da ke cikinsu dalla-dalla da lambar shafi da ta gida, kafin ka faɗi abin da kake ganin suna nufi. Malamin da ya sa muku irin wannan littafi ya fi son ya ga idonka ya yi aiki fiye da ya ga ka kwaso sunayen masana.

Ka kuma duba kwafin da aka buga maka. Zanen baƙi da fari ne mai yawan ƙananan layuka, injin da tawadarsa ta yi ƙasa yakan mayar da su dusu-dusu, wanda ta yi yawa kuma ya mayar da su baƙin dunƙule. In ka ga haka ka nemi ganin na asali a ɗakin karatu ko wurin malaminka, ko da na awa guda ne. A waya ma kada ka karanta shi gida ɗaya-ɗaya kana jawo hoto da yatsa, domin an tsara kowane shafi ne a gan shi gaba ɗaya, kuma da haka ka karanta da ba za ka taɓa ganin tambarin da ke cikin hanyar nan ba.

Rashin barcin zai wuce. Ka daina karanta shi da dare, ka mayar da shi bayan sallar asuba ko da hantsi, kuma ka sami ɗan ajinku guda wanda shi ma abin ya taɓa shi ku riƙa tattaunawa, na tabbata ba kai kaɗai ba ne, sauran ma kunya ce ta rufe musu baki. Idan ka ga mako biyu sun wuce abin bai sake ka ba, yana hana ka abinci ko shiga aji, ka je asibitin makaranta ka faɗa wa likita.

Shi kuwa mahaifinka, kada ka je masa da lambar yabo da shekarun bugu kamar mai kare kansa a gaban alƙali, zai ji kamar kana nuna masa ka fi shi sani ne. Ka bari sai ranar da ya dawo daga la'asar ya zauna a zaure hankalinsa kwance, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce Baba littafin nan da ka biya mini, labarin wani tsoho ne da ɗansa ya zauna ya tambaye shi abin da ya gani a yaƙin Hitila, ina so in nuna maka wuri guda. Ka buɗe masa shafin hanyar nan, ka miƙa masa, ka yi shiru, ka bar shi ya gano tambarin da kansa. Idan ya tambaye ka ɓerayen, ka tuna masa akun Magana Jari Ce, ka gaya masa wanda ya fara kiransu ɓeraye da abin da ya biyo baya. Wataƙila ya ce to, ya miƙo maka littafin ba tare da ya ƙara komai ba, kada ka matsa, dattijo ba ya janye maganarsa a gaban ɗansa rana ɗaya. Kafin ka tashi, ka roƙe shi izinin ka riƙa zuwa da littafin rubutu ko ka kunna rikodar wayarka, ka tambaye shi yadda Zariya take yana yaro, da abin da ya gani lokacin yaƙin basasa tsakanin 1967 da 1970 in ya riske shi da wayo, da abin da kakanka ya gaya masa wanda bai taɓa gaya muku ba. In akwai tsohuwa a gidan, ita ma ka zauna da ita. Ka rubuto mini bayan ka miƙa jingar, ina so in ji shafukan da ka zaɓa da abin da Baba ya ce.